Hanta ma na da nata kod, amma masu rubuta manhaja a Kaduna sun kau da kai

Duk mai riƙe da waya a Kaduna ya taɓa cin karo da irin wannan bidiyo. Mutum ne zaune gaban jerin gorina, ya ɗaga takardun gwaji biyu, ta farko ta nuna akwai ciwon hanta, ta biyu ta nuna babu, yana rantsuwa cewa mako uku kacal maganinsa ke buƙata. Lambar waya na yawo a ƙasan allo. Kafin la'asar bidiyon ya zaga guruf-guruf na WhatsApp daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, ya leƙa na 'yan aji ɗaya, ya faɗa na dangi. Mai maganin kasuwarsa yake ci, wannan an sani. Abin takaicin shi ne masu tura shi. A cikinsu har da samarin da ke iya gane manhajar bogi tun daga irin izinin da take nema, waɗanda ba za su taɓa latsa adireshin da bai kwanta musu ba, amma idan magana ta zo kan jikinsu sai su ajiye wannan basirar a gefe.

Binciken da ake yi yau kan ƙwayoyin halittar hanta, da furotin ɗin da ke kunna ƙwayoyin gado da kashe su, ya riga ya amsa tambayar ko maganin gora zai iya yin abin da ake cewa yana yi. Ya kuma zama aikin da rabinsa a kwamfuta ake yin sa. Don haka matasan Kaduna masu rubuta kod ba su da hujjar ci gaba da kallonsa a matsayin harkar likitoci kaɗai, musamman da yake tsararsu cutar ke ɗauka.

Lissafin ba ƙarami ba ne. Binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Kusan mutum ɗaya ke nan cikin 12, wato a kowace bas da ta cika daga tashar Kawo zuwa Kasuwa da wuya a rasa mai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da shi a duniya, kashi 13 kawai suka san suna da shi, masu shan magani kuwa ba su wuce kashi 3 ba. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan masu kansar hanta a ƙasashen Afirka tara, ciki har da Najeriya, ya nuna cewa in an cire Masar, rabin marasa lafiyar ba su haura shekara 46 ba lokacin da aka gano cutar, rabi kuma ba su wuce wata biyu da rabi a raye ba bayan ganowar. A unguwa, irin wannan mutuwa sunanta daban. Ciki ya kumbura, ido ya yi shawara, sai a ce sammu ne, ko an ba shi wani abu ya ci.

Wa ke riƙe da makunni?

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum na ɗauke da kwafin kundi guda, wanda ake kira DNA, mai haruffa kusan biliyan 3, dukkansu daga haruffa huɗu: A, C, G da T. A ciki akwai ƙwayoyin gado kusan 20,000 da ke ba da umarnin ƙera furotin. Ƙwayar ido da ƙwayar hanta kod ɗinsu ɗaya ne, harafi da harafi. Bambancinsu yana wajen waɗanne fayiloli aka buɗe, waɗanne aka bari a rufe. Masu wannan aikin wasu furotin ne na musamman, kusan 1,600 a jikin ɗan Adam, da ke hawa kan DNA su kunna wannan su kashe wancan. Duk wanda ya taɓa riƙe guruf ya san ƙarfin admin.

A hanta, ɗaya daga cikin manyan admin ɗin sunansa HNF4A. Shi ke tunatar da ƙwayar hanta cewa ita hanta ce: ta sarrafa kitse da sukari, ta ƙera sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni, ta tace magani da guba. Idan hanta ta daɗe tana ciwo har ta yi tauri, aikin HNF4A na raguwa, ƙwayoyin suna nan a raye amma sun manta sana'arsu. A 2015 masu bincike a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka sake kunna shi a jikin ɓerayen da hantarsu ta gaza, aikin hantar ya farfaɗo. A ɓera aka yi, ba a mutum ba, kuma tsakanin biyun akwai tafiya mai nisa. Amma ya nuna inda matsalar take: sau da yawa na'urar ba ta mutu ba, saitin ne ya rikice.

Bairos ɗin ciwon hanta nau'in B kuwa, ko mai rubuta manhaja ya ƙi shi, dole ya sara masa. Duk kod ɗinsa haruffa 3,200 ne, bai kai nauyin sitika ɗaya ta WhatsApp ba. Saboda ƙarancin wuri, umarninsa huɗu a kan juna suke, layi ɗaya ana karanta shi ta fuska biyu ya ba da furotin daban-daban. A 2012 ayarin Li Wenhui a birnin Beijing suka gano ƙofar da yake bi ya shiga ƙwayar hanta, wani furotin mai suna NTCP da asalin aikinsa shigo da sinadaran ɗacin matsarmama ne. Da ya shiga sai ya zarce cibiyar ƙwayar, inda ake ajiye DNA, ya naɗe kansa ya zama ɗan zobe, wanda masana ke kira cccDNA. Masu gyaran waya a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi sun san irinsa: muguwar manhajar da ta shige can cikin tsarin waya, wadda ko an goge komai an mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, sai ta sake ɓullowa.

Ƙwayar hanta ba ta zauna haka kawai ba. Tana da mai gadi, tarin furotin mai suna Smc5/6, da ke danne baƙon zoben ya hana a karanta shi. A 2016 masu bincike a Geneva suka nuna dabarar bairos ɗin: yana ƙera wani ɗan furotin, HBx, wanda ke kama na'urar zubar da sharar ƙwayar ya sa ta kwashe mai gadin ta zubar. Wato abu na farko da ya yi shi ne kashe manhajar tsaro.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa magungunan asibiti irin su tenofovir da entecavir ke aiki sosai amma ba sa warkarwa ɗungurungum. Suna hana bairos ɗin buga sababbin kwafi, hanta ta samu hutu, haɗarin tauri da kansa ya ragu ƙwarai. Zoben da ke cibiya kuwa ba su taɓa shi, shi ya sa ake daɗewa ana sha, kuma dainawa ba da sanin likita ba na iya tayar da cutar da ƙarfi. Nau'in C ba shi da irin wannan maɓoyar, don haka ana warkar da shi cikin mako 8 zuwa 12. To idan manyan ɗakunan bincike na duniya har yau suna neman hanyar goge wannan zobe, mai gora a bayan mota da lasifika bai riga su ba.

Sai dai akwai tambayar da ta cancanci amsa ta gaskiya: takardun gwajin nan biyu fa? Ba lallai ne duk na jabu ba ne. Baligin da ya kamu da cutar sabuwa, fiye da kashi 95 cikin 100 jikinsu ke korar ta da kansa cikin wata shida, ko sun sha wani abu ko ba su sha ba. Wanda ya sha gora a wannan tsakanin zai rantse da Allah cewa ita ta warkar da shi, kuma ba ƙarya yake nufi ba. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa lissafinsa a juye yake: kusan tara cikin goma cutar na zama musu ta dindindin. Yawancin masu ɗauke da ita a wannan yanki tun suna ƙanana suka samu, daga uwa, ko ta jini a wajen kaciya, aski, shasshawa da wasan yara. Su ne gora ba za ta yi wa komai ba, illa ta ƙara wa hantar da ta riga ta gaji wani aikin tacewa.

Harafi ɗaya a lamba ta 249

Bairos ba shi kaɗai ke aikin ba a wannan yanki, yana da abokin tafiya a cikin buhu. Jihar Kaduna na cikin manyan masu noman masara a Najeriya, gyaɗa kuwa ba a maganarta: ƙuli-ƙuli, yajin tsire, kunun gyaɗa, man suya. Idan masara ko gyaɗa ta sha fari a gona, ko aka ɗura ta a buhu ba ta gama bushewa ba, wata funfuna na kama ta ta zuba guba mai suna aflatoksin. An gano gubar ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Dahuwa ba ta kashe ta, suya ma haka.

Yadda take ɓarna abin a tsaya a duba ne. Hanta, a ƙoƙarinta na tace gubar, ita da kanta ke mayar da ita wani sinadari mai manne wa harafin G a DNA. Wajen kwafi sai G ya koma T. Akwai wani furotin mai kunnawa da kashewa da ake kira p53, wanda aka gano a 1979, aikinsa shi ne idan kod ɗin ƙwaya ya lalace ya dakatar da ita a gyara, in gyaran ya gagara ya umarce ta ta kashe kanta. An gina shi da tubala 393. A 1991 ayari biyu, ɗaya na nazarin marasa lafiya daga Qidong ta ƙasar Sin, ɗaya daga kudancin Afirka, suka ga abu guda: a tubali na 249, AGG ya koma AGT. Harafi ɗaya. Wannan ya isa ya sa p53 ya kasa riƙe DNA yadda ya kamata, ƙwayar da ta lalace ta ci gaba da hayayyafa babu mai tsawata mata. Duk wanda ya taɓa kwana yana neman waƙafi ɗaya da ya hana manhaja tashi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Wani bincike da ya bi maza kusan 18,000 a Shanghai, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1994, ya auna haɗarin kansar hanta. Aflatoksin kaɗai ya ninka shi kusan sau 3, bairos kaɗai kusan sau 7, waɗanda suka haɗa biyun kuwa kusan sau 60. A Gambiya, inda aka fara babban shirin rigakafin ciwon hanta tun 1986, masu bincike sun nuna ana iya ganin wannan canji na 249 a cikin jini, ba sai an yanko hanta ba.

To ina Kaduna a cikin wannan labari? Tana da bairos, tana da masara, tana da marasa lafiya. A rumbunan bayanan da duniya ke gina magani da gwaji a kansu ne ba a cika ganin ta ba. Babban kundin kansa na Amurka, TCGA, ya fitar da nazarin kansar hanta a 2017, kuma mafi yawan samfuran na Turawa ne da mutanen Asiya. Ƙwayoyin hantar da ɗakunan bincike suka fi rainon su don gwaji, HepG2 daga wani yaro ɗan shekara 15 a Ajantina aka samo su, Huh7 kuma daga wani magidanci a Japan. Ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan na Afirka, PLC/PRF/5, an samo su a shekarun 1970 daga wani matashi ɗan Mozambik mai shekara 24, kuma suna ɗauke da bairos ɗin da canjin 249 ɗin duka. Shekara 24, sa'an masu karanta wannan shafin. Irin bairos ɗin da ya fi yawa a Afirka ta Yamma, wanda ake wa lamba E, bai samu kulawar da aka ba na Asiya da Turai ba. Mai harkar ƙirƙirarriyar basira ya san abin da ke faruwa idan aka horar da manhaja da bayanan wasu mutane aka kawo ta wa wasu.

Kayan aikin kuwa yanzu ba a kulle suke ba. AlphaFold, manhajar kamfanin DeepMind da ke hasashen siffar furotin, ta girgiza masana a 2020, a 2022 aka saki siffofi sama da miliyan 200 kyauta, a 2024 Demis Hassabis da John Jumper suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai da David Baker. Mai waya a Badarawa zai iya shiga rumbun AlphaFold ya rubuta P04637, p53 ya fito masa yana juya shi da yatsa. Inda ya yi shuɗi manhajar ta tabbata da hasashenta, inda ya yi ruwan lemo tana shaida cewa lalube take, ɗabi'ar da mai gora bai taɓa koya ba. Kod ɗin bairos ɗin na nan a GenBank, bayanan TCGA na nan a cBioPortal, Google Colab na ba da kwamfuta aro, Biopython kuwa Python ce dai da aka riga aka sani. Har na'urar karanta DNA ta ƙanƙance: MinION ta kamfanin Oxford Nanopore a tafin hannu take zama, ta USB ake jona ta, kuma da ita aka bi sawun Ebola a Gini a 2015. A watan Maris na 2020 cibiyar ACEGID da ke Ede a Jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta karanta kod ɗin korona na farko a Afirka. Ba a Landan aka yi ba.

Arewacin kogin Kaduna ba kango ba ne ta wannan fanni. Jami'ar Jihar Kaduna na kan titin Tafawa Balewa, Asibitin Koyarwa na Barau Dikko na kusa da ita, Cibiyar Binciken Cutar Sammore ta Najeriya na Unguwar Rimi tun zamanin Turawa, Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta na Shika kuwa tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna ce. Akwai ɗaliban kimiyyar sinadaran jiki da suka iya aikin ɗakin gwaji amma layin umarni na kwamfuta ke ba su tsoro. Akwai kuma samarin da suka koyi kod a YouTube da datar tsakar dare, ko ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, suna ta ƙera manhajar sayar da data ta ɗari da ɗaya. Ɓangarorin biyu na iya haɗuwa a wajen mai shayi ɗaya ba su san suna buƙatar juna ba. Karatun furotin ba ya neman digiri kafin a fara. Wanda ya koya wa kansa JavaScript ya riga ya yi abin da ya fi haka wahala.

Za a ce wannan duk alatu ne, a ƙasar da jarirai da yawa ke zuwa duniya a gida ba su samu allurar farko ba. Maganar na da ƙamshin gaskiya. Rigakafin ciwon hanta nau'in B ya shiga jerin alluran yara a Najeriya tun 2004, kuma allurar da ake yi cikin sa'o'i 24 na haihuwa, tare da na mako 6, 10 da 14, ta fi duk wani binciken furotin ceton rai a yau. Haka nan Aflasafe, dawar nan mai launin shuɗi da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, wadda ake watsawa a gona kafin amfani ya yi fure, na rage aflatoksin da fiye da kashi 80. Amma ko waɗannan ɗin ma a wajen bayanai suke tuntuɓe: wa aka haifa jiya da daddare, wa ya tsallake allura ta biyu, wane mara lafiya ne wata shidansa na hoton ciki ya cika bai dawo ba. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2024 sun amince da wani lissafi mai suna APRI wajen tantance wanda ya kamata ya fara magani, daga gwajin jini biyu masu sauƙi, kuma lissafin bai wuce layi uku na kod ba. Hukuncin na likita ne, amma babu dalilin da zai sa ma'aikacin ƙaramin asibiti ya riƙa yin sa a bayan takarda.

Za a kuma ce babu kuɗi a ciki, kuma nan ma ba a yi ƙarya ba. Kamfanin 54gene da aka kafa a 2019 don tattara bayanan gadon 'yan Afirka ya tara miliyoyin daloli, zuwa 2023 ya tsaya. Wanda ya shigo yana neman ya fashe cikin shekara ɗaya gara ya koma kirifto. Wannan aiki ne na jingina da jami'a da asibiti, da kwamitin da ke ba da izinin bincike, a hankali.

Inda ya fi buƙatar taka-tsantsan shi ne sirri. Jihar Kano ta sa hannu a 2024 kan dokar gwaji kafin aure, kuma ciwon hanta na cikin abin da ake dubawa. Ko babu doka, iyalai da yawa a Kaduna na neman takardar. Sakamako ɗaya da ya fita ta hoton allo na iya rusa baiko ko ya hana mutum aiki, alhali mai ɗauke da cutar na iya yin aure lafiya idan aka yi wa abokin zamansa rigakafi, aka kuma yi wa jariri allura a ranar haihuwa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya da na gado cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Mai rubuta manhajar da zai ajiye sunayen marasa lafiya a buɗaɗɗen Google Sheet ya fi mai gora ɓarna, domin shi an yarda da shi.

Ranar 28 ga Yuli ce ranar ciwon hanta ta duniya, ranar haihuwar Baruch Blumberg, wanda ya gano bairos ɗin ya kuma samu Nobel a 1976. A irin wannan lokaci akan samu ƙungiyoyi da asibitoci suna gwaji kyauta ko a farashi mai sauƙi. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako na fitowa cikin minti 15 zuwa 20, bai kai lokacin da waya ke ɗauka tana sabunta kanta ba. Wanda ya fito ba shi da shi, allura uku ce cikin wata shida. Wanda ya fito yana da shi, mataki na gaba gwajin aikin hanta ne da ganin likita, sannan a kai 'yan gida su ma a duba su.